Tagar Tanti Albertine

Shekara goma sha tara ina fitar da takardar labaran unguwarmu, kuma duk wanda ya ce ya taɓa kama ni da ƙarya a cikinta, ya zo ya faɗa a gabana. Shafi ɗaya ce tal, sunanta Kunnen Unguwa. Da tafiretar da aka ba ni ranar da na bar aiki a makarantar 'yan mata nake buga ta, in kai a yi mini kwafi goma sha biyu, ranar Asabar da safe in bi Layin Magina da kwanon kunun rogo ina mannawa a jikin katanga. Abin da ke ciki ba wani abin a zo a gani ba ne: katangar wa ta faɗi, kwatar wa ta toshe, wane mai gida ne ya kori 'yan haya, wa ya sare reshen mangwaron da ba nasa ba. Mutane su zage ni, su kuma tsaya su karanta har ƙasa. Sunana Eulalie Barboza, amma kaf layinmu Madam Kunne ake ce mini, a bayan idona da kan idona.

A watan Fabrairun bara labari mafi girma da na taɓa bugawa ya zo ya same ni har ƙofar gida. Wasu mutane uku da bokitin jan fenti suka bi ɓangarenmu na layin, wanda ke kallon ruwa, suna zana alama a kowace katanga. Za a kwashe gidajen a yi lambun shaƙatawa, da ciyawa da kujeru da fitilu, wai don mutanen Porto-Novo su samu inda za su sha iska. Mu da iskar nan take shigo mana har kan gado tun kakanni, ba wanda ya tambaye mu. Sai dai an bar ƙofa ɗaya a buɗe. Akwai kwamitin da zai zo ya duba tsofaffin gine-gine, duk gidan da ya ce na tarihi ne katafila ba za ta taɓa shi ba, lambun ne zai zagaye shi.

Da na ji haka har dariya na yi. In gidan Barboza ba na tarihi ba ne, to na wa? Kakan mahaifina Inacio ne ya gina shi da hannunsa, shi da ya dawo daga Brazil ba shi da komai sai cokalin gini da addu'ar da ke bakinsa. Bene ne hawa ɗaya, tagogi tara, kowace da murafen katako biyu, kowace kuma da fure a samanta. Ɓawon koɗin bakin ruwa ya ƙona ya yi farar ƙasa, ya kwaɓa ta da manja, ya murɗa furannin nan da yatsunsa, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Gaskiya dai gidan ya tsufa. Shafen ya tsattsage, damina ta zana masa baƙi daga sama har ƙasa, wasu murafen sai da igiya suke tsayawa. Mu goma sha huɗu ne a ciki, kuma tun ina yarinya nake jin kunyarsa duk ranar da wata ƙawa ta rako ni gida.

Shi kansa Inacio bai bar gidan ba. Yana kwance ƙarƙashin daɓen ɗakin da ke kallon lungu, kusa da shi kakata Celestine, kowa da dutsensa a shimfiɗe. A wannan ɗakin Tanti Albertine take kwana, ƙanwar mahaifina, shekararta tamanin da shida, ba ta taɓa yin kwana bakwai a jere a wani wuri ba. Kullum ƙarfe shida na safe za ta tura murafen tagar, haske ya faɗo kan duwatsun nan biyu, ta tambaye su yadda suka tashi, sannan ta zauna bakin gado ta kwashe labarin unguwa ta ba su, wadda ta haihu, wanda ya sha giyar sodabi ya faɗa kwata. Takan ce ni a takarda nake tsegumi, ita da baki, amma masu sauraronta sun fi nawa riƙe sirri. Tsakanin dutsen uwarta da bango akwai ɗan fili. Ta auna shi da zanenta tuntuni, ta ce ya ishe ta.

Wasiƙar kwamitin a hannuna ta faɗo, tunda ni ce mai karatun gida. Za su zo ranar ashirin da takwas ga Maris, ƙarfe goma. A ƙasa, layi na ƙarshe, aka rubuta cewa ana roƙon masu gida kada su taɓa komai, a bar gini yadda yake. Ba zan ce ban gani ba. Na gani, na karanta shi sau biyu da babbar murya ranar Lahadi bayan coci, a gaban dangi duka, ƙarƙashin mangwaron tsakar gida.

Fofo Casimir, ɗan wan mahaifina, tsohon ɗan kwastan, shi ne babban gida. Ya gyara tabarau, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta wanda ya san hukuma ciki da waje.

"Haka manya suke magana, Eulalie. Kin taɓa jin surukin da ya aiko ya ce a yanka masa kaza?"

Kowa ya yi dariya, har da ni. Ai gaskiya ya faɗa a ganinmu. A wajenmu baƙon da ya aiko cewa kada a wahala, kaji biyu ake ƙara masa. Mu da gawarmu kan yi wata biyu a firjin asibiti tana jiran a gama fentin gida, don kada masu zuwa gaisuwa su ce marigayin a kango ya rayu? Ba a kawo amarya, ba a fitar da mamaci, ba a karɓar fadan coci sai an gyara gaban gida. Yanzu ga baƙin da ran gidan yake hannunsu, sai mu tare su da tsagaggen bango da murfin taga a ɗaure da igiya? Kafin a tashi an raba aiki, kowane ɗaki na zuriyar Inacio ya ɗauki nasa, an kuma zaɓi atamfar anko, shuɗiya mai zanen kifi.

Da na tsaya a nan da sauƙi. A'a, sai da na kai shi takarda. Asabar ɗin da ta biyo na buga da manyan baƙaƙe cewa baƙi na tafe, kowa ya rufa wa kansa asiri. Na kuma ware sakin layi guda na sauke wa maƙwabtanmu, gidan Pereira, kwandon tsiya. Nasu ma tsohon bene ne irin namu, amma 'yan'uwa uku ne a ciki da suka shekara goma sha ɗaya ba sa gaisawa, don haka ko ƙusa ba a taɓa yarda a buga ba. Ɓaure ya tsiro a jikin bangonsu, akuya ke kwana a matattakala. Na rubuta cewa in an rushe layin nan, to a san waɗanda suka ja mana. Mutane suka ji daɗin wannan sakin layin ƙwarai, har wani ya yage shi ya tafi da shi gida.

Mako uku aka yi ana aiki. Dangi ba su ba mu kunya ba, wannan kam zan faɗa. Romaric, ɗan Fofo Casimir da ke Kwatano, ya aiko da tagogin alminiyam masu gilashi, irin waɗanda ake turawa gefe. 'Yar'uwarmu da ke Libreville ta aiko a sayi tayil mai sheƙi a manna wa gaban gida har tsayin ƙirji. Maginin da muka ɗauka, Anatole, ya ƙwanƙwasa bango ya ce siminti ba zai kama a kan wannan tsohon shafen ba, sai an sauke shi duka, har da abubuwan nan da ke saman tagogi. Da guduma a hannu ya ce shi dai bai taɓa ganin irin aikin nan ba, ko za a bar su? Ni ce na ce masa ba kallo muka kira shi ba, lokaci na tafiya.

Furanni takwas suka sauko a bokiti. Aka zuba su a ramin da ke tsakiyar layi, wanda na shekara huɗu ina rubutu a kansa, 'yan kabu-kabu suna wucewa suna sa mana albarka. Tsofaffin murafen kuwa aka jingine su bayan kicin, matan gida suka ce kada a yar, itacen nan a bushe yake ƙayau, zai yi daidai da tukunyar ranar zuwan baƙi.

Taga ta tara ce ta gagara. Ranar da Anatole ya zagayo lungu da tsaninsa, ya tarar Tanti Albertine ta sa an fito mata da kujera, ta zauna ƙarƙashin tagarta, sanda a kan cinya. Ta ce masa ya fara da ita tukuna. Fofo ya lallashe ta, matan gida suka lallashe ta, ko kallonsu ba ta yi ba. Sai aka ce a kira Eulalie, ita ce mai baki. Na zo a fusace, gumi na zuba, ƙurar siminti har cikin gashina. Na ce mata duk duniya ta gyara, ita kaɗai za ta ja a rushe gidan nan a kan tagar da ko mai gwangwan ba zai saya ba.

Ta ɗaga sandar ta nuna furen.

"Hau ki duba ƙasan ganyen hagu."

Na hau tsanin don a wuce wurin. A ƙasan ganyen akwai ɗan loɓi, shaidar babban yatsan mutum, har layukan fatar ana gani.

"Hannun kakana ne," in ji ta. "Tun ina shekara biyar babana ya ɗaga ni na sa nawa a ciki. Ku je ku yi wa baƙinku ado, ni ku bar mini wannan."

Da zan ce wani abu ya motsa a zuciyata a kan tsanin nan, da na yi ƙarya. Haushi kawai na ji. Na sauko na ce to a bar mata, amma ba za ta ba mu kunya ba. Ranar zuwan baƙi aka ɗauko ragowar atamfar ankon, yadi shida, aka ja ta daga kusurwar gidanmu zuwa katangar Pereira, ta rufe bakin lungun ruf. Dabarata ce wannan, har yabona aka yi. Tanti kuma aka ce ta huta a ɗaki, hayaniya za ta yi mata yawa.

Ashirin da takwas ga wata gidan Barboza ya fito fes. Fenti ruwan ƙwai, tayil na ɗaukar ido, gilasai na walƙiya, ga rumfa, ga kujerun haya, ga mu duka cikin kifayenmu shuɗɗa. Tun safe feshwada ke dahuwa a bayan gida, waken kakanninmu da nama, a kan wutar murafen Inacio. Na tsaya a tsallaken layi na kalli gidan, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a kansa tun da aka haife ni.

Su uku suka zo a ƙasa. Shugabarsu Madam Sagbo, matashiya siririya mai zanen gine-gine, da wani hoto a hannunta, maza biyu na biye da ita, ɗaya da kyamara ɗaya da abin awo. Ta wuce mu. Ta kai ƙarshen layi, ta dawo, ta sake wuce mu tana duba hoton tana duba gidaje. A karo na uku ta tsaya ta gaishe mu cikin ladabi, ta tambaya ko mun san inda gidan Barboza yake.

Fofo Casimir ya buɗe hannuwa duka biyu. "Ga ki a gabansa, Madam. Sannunku da zuwa."

Ba a ba ta kujera ba ta zauna. Ta daɗe tana kallon saman tagogin, inda babu komai yanzu sai siminti sumul. Ta tambaya ko wasiƙarsu ta iso. Fofo ya ce ta iso, mun kuma gode da karamcin da aka nuna mana, amma mu ba a raine mu haka ba. Ta tambayi inda murafen suke. Wata daga cikin matan gida ta yi murmushi ta nuna hayaƙin da ke tashi daga baya. Sai Madam Sagbo ta rufe hoton da tafin hannunta, ta yi tambayar ƙarshe a hankali.

"Babu abin da ya rage? Ko guda ɗaya?"

"Ko ɗaya, Madam," in ji Fofo. "Mun gama tas."

Ina tsaye a bayansa. Atamfar lungun tana kaɗawa taku goma daga inda take zaune. Allah ya sani na ji wani abu a muryar matar nan, na ji ba tambayar mai neman laifi ba ce. Amma shekara sittin na jin kunyar tsagaggen bango ba sa barin mutum a minti ɗaya. Na ce a raina in ta ga lungun nan da baƙin damina da tsohuwa a ciki, duk wahalarmu ta tashi a banza. Na ja bakina na yi shiru, ni da ban taɓa yin shiru a kan kwatar wani ba.

Ta ci cokali biyu na feshwada don kada ta ba mu kunya. Mai kyamara ya cinye nasa ya yaba, bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Suka miƙe suka shiga gidan Pereira, suka yi awa uku. Muna zaune cikin anko ƙarƙashin rumfa muna ganinsu ta taga, suna auna wannan, suna shafa wancan, har matattakalar akuyar sai da aka ɗauka a hoto. A nan na fara zargin mun tafka kuskure. Duk da haka ranar Asabar na buga cewa an karɓi baƙi da mutunci a gidan Barboza. Ba ƙarya ba ce.

A watan Mayu aka kafe sunaye. Gidaje biyu suka tsira a layinmu, na Pereira da wani tsohon shago can ƙasa. Na bi takardar da yatsa sau uku, babu mu. A ranar na hau kabu-kabu na je ofishinsu, na zauna a benci har Madam Sagbo ta fito, na ce mata akwai taga ɗaya. Ta ɗauki jakarta ta biyo ni. Ta hau tsani a lungu, Tanti na kallonta daga ciki, ta ce mata ta duba ƙasan ganyen hagu. Matar nan ta sa yatsanta a gurbin na Inacio ta tsaya a haka, na ga idonta ya kawo ruwa.

Da ta sauko ta yi mini bayani ba tare da ɗaga murya ba, da ma ta zage ni ya fi. Ta ce gidanmu ne na farko a jerin da ta shigo layin da shi, hoton nan shekara uku yana teburinta. Ta ce da ta ga wannan tagar a ranar, da ta sami abin riƙewa a gaban kwamiti, ta ce ga samfuri, a dawo da sauran takwas a kansa, simintin ma ana iya ɓamɓare shi. Ba ta yi alkawarin da an ci nasara ba, amma da an gwada. Yanzu an sa hannu, an zana lambun, an ba da kwangila. Abin da za ta iya kawai shi ne ta roƙa a bar guntun bangon da tagar take.

"Me ya sa kuka ɓoye ta?"

"Kunya muka ji," na ce.

Ta dube ni, ta dubi tayil ɗin Libreville, ta tafi.

Abin da ya biyo baya a cikin dangi ba na son tuna shi. Fofo Casimir ya ce ni ce mai karatu, da na karanta wasiƙar da nauyin da ya kamata da ya gane. Na ce shi ne ya yi dariya. Matan gida suka ce su dai itace aka ba su. 'Yar'uwarmu ta Libreville ta bugo waya tana tambayar ko za a iya ciro tayil ɗinta. A wata biyu muka koma irin 'yan gidan Pereira, sai dai mu ba mu da gidan da za mu yi gabar a cikinsa. Mutum ɗaya ce ba ta ɗora mini laifi ba, kuma ita ce kaɗai na so ta ɗora. Kullum ƙarfe shida ina jin ƙarar murafenta, ina jin tana ba mutanenta labari, ba ta taɓa ambaton sunana da mugun abu ba.

Farkon Agusta aka zo da fadan coci da masu haƙa, aka ɗaga duwatsun biyu. Tanti ta ƙi fita, ta zauna bakin gadonta har aka gama tattara abin da ya rage a ƙananan akwatuna biyu aka nufi maƙabarta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai kalli ɗan filin da ta auna da zanenta, inda masu haƙa suka tara ƙasa. Washegari Romaric ya zo da mota ya ɗauke ta zuwa Kwatano, hawa na uku, ɗaki mai tagar alminiyam da ke kallon bangon wani. Sauranmu kowa ya kama gabansa da ɗan abin da aka ba shi. Ni na sami ɗaki a bayan kasuwa, tafiyar minti goma daga layin.

Na je na kalli rushewar, don ban taɓa buga abin da ban gani da idona ba. Kafin mai koko ta sayar da rabin tukunyarta an gama. Sabon simintin bai ma kama bangon sosai ba, falle-falle ya riƙa zubowa, kuma a saman kowace taga, kafin katafila ta kai hannu, sai ka ga inuwar furen a jikin tsohon bulo. Anatole yana cikin masu kallo, da ya gan ni ya juya baya. Na koma ɗaki na zauna gaban tafireta har rana ta yi tsaka, ban buga harafi ɗaya ba. Na ɗauko zane na rufe ta, yau wata goma ke nan. Masu tambayata ina Kunnen Unguwa nakan ce musu wace unguwar.

An buɗe lambun kafin Kirsimeti. Ba zan yi masa sharri ba, yana da kyau, akwai ciyawa, akwai kujerun siminti, yara na wasa da yamma. Gidan Pereira na tsaye a gefe, an cire ɓauren, an yi masa sabon shafe da farar ƙasa irin ta da, mutane na zuwa daga nesa su ɗau hoto, 'yan'uwan uku har yanzu ba sa gaisawa. A tsakiyar ciyawa kuma ga guntun bango shi kaɗai, da tagar Tanti a jikinsa, an kewaye shi da ƙarfe. Madam Sagbo ta cika alkawarinta. Akwai allo da sunan Inacio Barboza, na karanta shi harafi-harafi ina neman kuskuren da zan yi faɗa a kansa, babu. Murafen an shafe su da mai, an haɗe su da ƙusa daga ciki. Na roƙi mai gadi, ya ce ba shi da izini. Na koma wajen Madam Sagbo, ta ce itacen ya gaji, in ana buɗewa ana rufewa ba zai shekara biyu ba, kuma shi kaɗai ya rage a duniya. Gaskiyarta ce. Kowa a cikin maganar nan gaskiyarsa ce.

Romaric ne ya gaya wa Tanti cewa an bar tagarta, don ya faranta mata rai, ya kuma saya mata waya mai manyan lambobi. Kwana biyu da buɗe lambun, ƙarfe shida daidai, wayata ta yi ƙara.

"Eulalie, kin buɗe musu?"

Na ce mata ai an kai su maƙabarta, ita ma ta gani. Ta yi tsaki ta ce ƙashi muka kwashe, mutanen da suka shekara da shekaru a ɗaki ɗaya ina suka san hanyar maƙabarta? Suna nan inda suke, a cikin duhu, tun Agusta ba wanda ya ce musu ci kanku. Ta ce in tashi in je, za ta jira. Na ɗaura zane na fita, duk hanya ina shirya yadda zan gaya mata cewa ƙofar lambun sai ƙarfe tara ake buɗewa, tagar kuma an kashe ta da ƙusa. Na iso bakin ƙofar na kama ƙarfen. Ina jin numfashinta a kunnena, da ƙarar motocin Kwatano a bayanta.

"Na buɗe, Tanti."

"Haske ya shiga?"

"Ya shiga."

"To matso da ni kusa."

Tun daga ranar ban fasa ba, ko ana ruwa. Ƙarfe shida saura nake fitowa, in tsaya bakin ƙofar da ke kulle, in zura hannuna tsakanin ƙarafan in miƙa wayar wajen rufaffiyar tagar iyakar tsawon hannuna. Masu shara sun saba da ni, sun daina tambaya. Labarin nata ya ragu, daga hawa na uku ba ta ganin wadda ta haihu ko wanda ya faɗa kwata, sai abin da ta ci da inda ke mata ciwo. Hannuna yakan gaji in sauya ɗaya. Jiya na ji tana ce wa uwarta kada su damu da rashin ganinta, ƙafa ce ta hana, amma gidan yana hannun Eulalie.